Jelar Kwalli a Garin Gwamna

Mu mutanen Maraɗi, in muka ce za mu Najeriya, Kano muke nufi, ko Katsina in tafiyar ta kusa ce. Kaduna kuwa a rediyo muka san ta. Iyayenmu da muryar gidan Rediyon Kaduna suka tashi, zaɓi-sonka da wasan Samanja, har akwai tsofaffin da za su jero maka unguwannin garin, Tudun Wada, Unguwar Shanu, Kabala, Badarawa, alhali ƙafarsu ba ta taɓa taka ko ɗaya ba. Saboda haka da aka aiko cewa ɗiyar yayata za ta yi aure a can, ban tsaya neman uzuri ba. Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya, na kwana a Katsina, na ratsa Kano da Zariya cikin sanyin Disamba.

Wanda ya fito daga Zariya ta Kawo yake shiga gari. Ga gadar sama, ga tasha da hayaniyarta, 'yan kamasho na ta kiran Kano da Funtuwa, sannan mota ta miƙe titin Ali Akilu, kunne ya huta. Abin da ya fara cika mini ido itatuwa ne. A irin wannan lokaci mu can ƙura ta riga ta rufe komai, ɗanyar ciyawa ko ta magani babu, amma nan mangwaro da malaina da bedi sun yi layi, inuwa na bin inuwa har Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki. Na yi ta baza ido ko zan ga ganuwa ko ƙofar gari irin ta Katsina. Babu. Nan ba garin sarauta ba ne, garin gwamna ne. A 1917 Turawa suka tattaro hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dasa ta a bakin kogin Kaduna bisa zaɓin Lugard, akawuna da sojoji da 'yan reluwe suka biyo baya, kowa da garin da ya baro. Har yau in ka shiga tsakiyar gari titunan ne za su ba ka labari: titin Kano, titin Katsina, titin Jos, titin Legas, titin Ibadan. A garin da kowa baƙo ne, ba a cika tsare mace da tambayar 'yar gidan wa ce kafin a bar ta ta gwada sabon abu ba.

Gidan biki a Unguwar Rimi yake. Bikin Najeriya yanzu ba na wuni ɗaya ba ne, kowa ya sani. Ban da kamu da sa lalle da walima, 'yan mata sun ƙirƙiro ranakun shiga, yau daren Larabawa, gobe shigar Fulani, jibi ta ƙauyawa. Amaryarmu ta ce ita duk ta yafe. Wuni guda take so, na mata zalla, a tsakar gida, kuma da fuskar kakarta za ta fito. Ta shiga ɗakin tsohuwar ta ɗauko mini hotonta.

Baƙi da fari ne, bai fi tafin hannu ba. Hatimin mai hoto a baya ya koɗe, saura shekarar da aka rubuta da biro, 1970. Matashiya ce zaune a ɗan karkace, ta ɗora haɓa bisa bayan hannu, agogo siriri a wuyan hannun. Ɗankwali ya tashi sama ya koma baya, ya bar goshi da ɗan gashin gaba a fili. Amma idanun ne suka tsayar da ni. Kwallin ya taso siriri daga gefen hanci, yana ƙara kauri sannu a hankali, ya wuce ƙarshen ido ya ɗaga jela sama wajen gira. A ƙasan leɓe, ɓangaren hagu, ga ɗigo ɗaya baƙi.

Mai wannan fuska, surukar yayata, tana nan da ranta, ta doshi tamanin, carbi ba ya barin hannunta. Daga Zariya aure ya kawo ta Kaduna, ta yi aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya. Na ce, "Hajiya, ashe kun sha kallon silima."

Ta riƙe baki. "Ni? 'Yar nan, a zamaninmu macen da aka gani a ƙofar silima ai ta gama zaman aure. Ban taɓa takawa ba."

To ina ta samo jelar? Ta ce a bango. Hanyarta ta zuwa ofis tana bi ta gaban wani gidan silima, duk mako a liƙa sabon hoton talla, ita kuma ta rage sauri ta saci kallo ta wuce. Akwai kalanda a shagon tela. Akwai kuma maƙwabciyarta, wata Bayarabiya ma'aikaciyar jinya, wadda mijinta ke kai ta kallo daren Asabar; ranar Lahadi da yamma sai ta shigo ta ba su labarin fim tun daga farko har ƙarshe, ta zaunar da su ɗaya bayan ɗaya tana zana musu idon jarumar da tsinken ashana.

Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa, suka kuwa samu karɓuwar da na Amurka ba su samu ba. Mother India, na 1957, wanda Nargis ta fito a ciki, an shekara da shekaru ana maimaita shi ana cika gida. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: suturar mai rufe jiki, kunyar budurwa gaban manya, uban da ya ce ga mijin da ya zaɓa, kishi, talaka da mai kuɗi. Maza sun kalli Dharmendra sun sa masa Sarkin Ƙarfi. Mata kuwa, tun kafin talabijin da bidiyo su kai musu fim har ɗaka daga ƙarshen shekarun 1970, abin da suka hango a bango shi ne kwallinsu na gado a idon wata mace ta wata duniya. Tandu da kwalli da lalle ba Bombay ce ta koya mana ba. Abin da ta ƙara shi ne jelar, da kuma ƙarfin halin fita da ita titi da rana tsaka.

Mai kwalliyar ta zo ganin hoton tun ana jibi wuni. Yarinya ce da ba ta kai talatin ba, ta gama jami'a, tana da shago a saman bene wajen titin Isa Kaita. Ban taɓa ganin mai kwalliyar da ta zo duba aiki kafin ranar aiki ba, mu can sai dai ta iso da akwatinta a makare ta hau fuska. Wannan ta zauna bisa darduma ta karkata hoton wajen haske ta daɗe tana dubawa. Sannan ta laluba wayarta ta ajiye kusa da shi. Sharmila Tagore ce a Aradhana, fim ɗin 1969. Jela iri ɗaya, tudun gashi iri ɗaya, har karkatar wuyan. Hajiya ta sa tabarau ta duba ta ce, "Ita ce. Ashe sunanta ke nan."

"Anti," in ji yarinyar da ni, "in amarya ta ce mini tana son tsohon yayi, sai na tambaye ta wane tsohon." Ta shiga nuna mini. Madhubala a Mughal-e-Azam na 1960, gira cike, kwalli ya kewaye ido bai fita waje sosai ba, leɓe ya yi duhu. Sadhana da gashin da ta yanko ya sauko bisa goshi, wanda 'yan matan Indiya suka yi ta kwaikwaya har aka sa wa askin sunanta. Ƙarshen shekarun 1960, jela ta yi tsawo, gashi ya tashi sama. Hema Malini a shekarun 1970, fuska a sake, kumatu da ɗan ja. Rekha a Umrao Jaan na 1981, zinariya ko'ina, jan baki mai nauyi. Kowanne da girarsa, kowanne da leɓensa, in ka ɗauko idon wannan ka haɗa da bakin wancan ka ɓata duka biyun. Ta ce akwai ma masu kawo mata hoton Fati Mohammed a Sangaya su ce irin ta mutanen da suke so. Sangaya fa, na 1999, wanda muka yi ta aron kaset ɗinsa gida-gida a Maraɗi! Na yi shiru, don ba na son a fara lissafin shekaru.

Washegari muka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, babbar kasuwar da ke gefen titin Ahmadu Bello. Na saba da kasuwa, Maraɗi ba baya ba ce wajen ciniki, amma layin kayan kwalliya na nan ya burge ni. Ga Inyamuri da shagonsa cike da hoda da jan baki har rufi, ya dubi wuyan amarya sau ɗaya ya miƙo launin da ya dace, da Hausarsa tas. Gaba kaɗan matan Barno da humra da turaren wuta da dilka, ƙamshi ya tare hanya. Masu gashin ido na kanti, masu acuci, masu sarƙa da 'yan kunne na gwal da na ruwan gwal. Can a wani lungu muka samu abin da muka zo nema, wani dattijo da faifai gabansa, duwatsun kwalli na ta walƙiya, tanduna na fata a rataye. Amarya ta zaɓi tandu ɗaya ja mai tuntu. Ta ce a ƙulla mata dutse, mai kwalliya ta ce a ƙulla, amma na ajiyewa gaban madubi ne don hoto, ba zai shiga idon kowa ba.

Wannan magana ta jawo muhawara da muka koma gida. Hajiya ta ce kwalli sunna ne, da shi aka yi mata wankan jego, da shi ta raini 'ya'ya tara, wa ya makance? Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haka ne, Mama. Sai dai ba kowane dutse mai ƙyalli ne kwallin da malamai suke nufi ba." Gaskiyarta. Da yawa daga cikin dutsen da ake sayarwa a kasuwanninmu ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan 'yan Najeriya a Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dalma ba makanta take kawowa ba, ƙwaƙwalwar yaro take ci a ɓoye, kuma tun bala'in ƙauyukan Zamfara na 2010 babu wanda zai ce bai ji sunan gubarta ba. Hajiya ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce a yi yadda 'yan boko suke so, tunda idon nasu ne.

Wajen tufafi ita ta yi nasara. An kawo atamfofi sababbi masu zanen da, ta ture su gefe, ta sa aka jawo mata wata kwalla daga ƙarƙashin gado. Da aka ɗaga murfi warin kafur ya cika ɗaki. A can ƙasa ta zaro zane da riga da ɗankwali, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro, ta ce saƙar Kaduna ce, da su ta je kallon hawan daba na 1977. Masaƙun suna hayin kogi, a Kakuri. Ta farkonsu ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Zanen ya fi amarya shekaru nesa ba kusa ba, amma ko zare ɗaya bai saki ba. Tela ya rage rigar kaɗan a ƙugu, Hajiya na tsaye a kansa kada ya sa almakashi.

Ranar wuni aka fara da hantsi, a ɗakin da tagarsa ke kallon gabas. Na jawo kujera na zauna kusa, don ni kallon aikin hannu ba ya gundurata.

Hunturu ne, fata a bushe, don haka mai kwalliyar ta fara da mai, ɗan kaɗan, ta murza a tafin hannu har ya yi ɗumi ta danna a fuska, ta bar shi ya shiga yayin da take jera burusanta. Hodar ruwa kala biyu ta haɗa a bayan hannunta, ta gwada a muƙamuƙi, ta duba wuya, ta ƙara ɗigon mai duhun. Shafa ɗaya ta yi, siririya, har ana hango ɗan tabon da ke kumatun amarya. Babu zanen duhu a gefen hanci, babu farin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ido. Hajiya daga bakin gado ta ce ina fankeke? Fankeken da take nufi, wanda ake jiƙa soso a shafa, Max Factor ne ya fara haɗa shi a Hollywood a shekarun 1930, don kada fuskokin 'yan wasa su riƙa ƙyalli a fim mai launi. Ba don fatarmu aka yi shi ba, shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga fuska ta yi toka-toka wuya kuma baƙi. Hajiya da kanta ta ce su ma shafawa suke su bi da gefen zane su rage. Yarinyar ta ɗauko hoda mai launin ƙasa, ta danna da soso maimakon ta share da burushi, goshi da hanci da haɓa kawai. Fuskar ta kwanta lumui, ba maiƙo, ba toka.

Gira ta ba ta aiki, don amaren yanzu sun saba da gira mai faɗi mai kusurwa. Ta taje gashin sama, ta bi da jagira gashi-gashi, ta lanƙwasa ta a hankali, ta sirance ƙarshen.

Sai ido. Nan ɗakin ya yi tsit ba wanda ya ce a yi shiru. Ta ce wa amarya kada ta rufe ido, ta kalli madubi sosai, domin jelar da aka ja ido a rufe, in an buɗe sai ta karye a ninkin fata. Ta ɗora kan burushi a ƙarshen ido, ta auna da layin fatar ƙasa inda zai nufa in da ya ci gaba da tafiya sama, ta sa ɗigo ƙarami a inda jelar za ta tsaya. Ta yi haka a ɗaya idon, ta ja da baya ta duba ɗigon biyu, ta goge ɗaya ta sake. Sannan ta ja layi daga ɗigon zuwa ƙarshen ido, ta dawo daga gefen hanci da siririn zare na kwallin ruwa, tana ƙara masa kauri daga tsakiya, har suka haɗu. Ta riƙe numfashi, ɗan yatsanta ƙarami na dafe da kumatun amarya. A fatar ƙasa ta bi da gazal, amma ba ta bar shi ya taɓa na sama ba. Ta bar 'yar tazara tsakaninsu a ƙarshen ido, ta cike ta da fensir mai launin madara. Wannan 'yar tazarar, wadda ban lura da ita a hoton ba sai da ta nuna mini, ita ke sa ido ya buɗe ya yi tsawo. Gashin ido na kanti ta yanka biyu, ta liƙa rabi-rabi a gefen waje kawai.

Hajiya ta taso da sandarta ta leƙa. "Ta hagu ta fi ta dama tsawo."

"Mama, daidai suke."

"'Yar nan, ina jan wannan layi tun ba a haifi uwarki ba."

Aka kawo tsinken auduga. Ta hagun ta fi, da abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Leɓe kuwa hoto ba zai faɗa ba, tunda a baƙi da fari ja da ruwan goro da shunayya duk duhu suke fitowa. Dole aka koma ga mai shi. Aka jera mata jan baki wajen goma bisa faranti, ta duba ta duba ta nuna wani ja mai duhu, irin na zoɓo da ya jiƙu. Mai kwalliya ta zagaye leɓen da fensir mai ruwan ƙasa tukuna, don jan kada ya yi tsalle a kan baƙar fata, ta shafa, ta sa amarya ta ciji tishu, ta ɗora wani tishun ta bubbuga hoda ta samansa, ta sake shafawa. Ta ce haka matan da suke yi ya wuni bai goge ba, ko an ci tuwo. Ɗigon ƙasan leɓe Hajiya ta ce ba mai sa shi sai ita. Hannunta na rawa wajen riƙe kofi, amma da ta kama gazal ɗin sau ɗaya ta dangwala.

"To kishiya," in ji amarya, "yau dai na ƙwace miki fuska."

"Ki ƙwace. Mijin da na samu da ita ba ki samu kamarsa ba."

Ɗaurin kai wata ce daban ta yi shi, abokiyar aikin mai kwalliyar, Kirista ce daga Barnawa, kullum sai ta hayo gada take zuwa shago. Ta cusa acuci ta tayar da gashin, Hajiya na cewa su da tsumma suke yi, kamar yadda iyayensu ke tayar da doka. Ta naɗa ɗankwalin ta tura shi baya ya tsaya a karkace, ture-ka-ga-tsiya sosai. Na daɗe ina kallon hannuwan nan biyu a kan kai ɗaya. Wanda ya san Kaduna ya san abin da kogin nan ya zama. Rikicin 2000, da na Nuwamban 2002 wanda ya tashi kan wani rubutun jarida game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum fiye da 200 suka mutu har aka kwashe gasar daga Abuja zuwa Landan, su suka sa Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista a kudu. Mutanen garin ba sa ɓoye wannan, ba sa kuma son baƙo ya yi ta tona shi. Amma amaren Barnawa da Sabon Tasha na hayowa a yi musu lalle, na Malali da Unguwar Dosa na neman mai ɗauri daga hayi, kuma mai kwalliyarmu ta ce a hannun wata 'yar kudancin Kaduna ta koyi haɗa launin fata. Maƙwabciyar Hajiya mai tsinken ashana ba ta rasa magada ba.

Mai hoto ya zo da fitilar nan mai da'ira da ake haska amare da ita. Mai kwalliya ta ce ya kashe. Wannan fitila tana shafe inuwa duka, ita kuwa irin wannan fuska da inuwa aka gina ta. Masu hoton taurarin da fitila ɗaya suke ɗorawa a gaba, sama da kai, ta zubo haske ta bar 'yar inuwa ƙarƙashin hanci da ƙasan kumatu. Aka zaunar da amarya kusa da taga, aka rataya farin zane a ɗaya gefen, ta ɗora haɓa bisa bayan hannu, agogon kakarta a wuyan hannun ko da yake ya daina tafiya. Da aka juya hoton zuwa baƙi da fari aka ajiye kusa da na 1970, yayata ta fita ɗakin da sauri, wai za ta duba girki.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne na gane amaryar. Na sha zuwa biki, a Maraɗi da Damagaram da Kano, in shiga in rasa wace ce ɗiyar da na sani tun tana goye, saboda an yi wa fuskar yaɓe kamar bangon da ake shiryawa damina, an haske ta ta fi wuyanta da hannuwanta, an zana mata hancin wata, girar wata. Amare goma, fuska ɗaya. Ba na ganin laifin masu kwalliya su kaɗai, abin da ake biya su yi ke nan, kuma waya ta saba wa ido da fuskar da babu rami babu tabo. Kwalliyar da kuwa wuri ɗaya take zaɓa ta ƙawata, ido, ta ɗan taɓa baki, ta bar saura ga mai shi. Da amarya ta fito tsakar gida aka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka yi ta kiran sunan Hajiya na ƙuruciya, ƙawaye kuma suka yi layi a ƙofar ɗaki kowa na son a ja mata jela. Har la'asar yarinyar nan ba ta zauna ba.

Kafin in bar gari na je Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardauna ya zauna, wanda yanzu cibiyar adana tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wuri ne mai tsabta da natsuwa, hotuna da takardu an killace su yadda ya kamata, na yi sha'awar yadda garin ke riƙe da abin da ya wuce. Tarihin rawani da babbar riga yana nan a bango. Na matan da suka buga wa waɗannan manya takardu, suka yi jinya a asibitoci, suka karanta sanarwa a rediyo, yana cikin kwalla da ƙarƙashin katifa a Unguwar Rimi da Tudun Wada, kuma jikoki sun fara zaro shi. Garin bai daina ba da taurari ba. Rahama Sadau haifaffiyar nan ce, ta kuwa je har Indiya ta fito a Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022.

Da na biya shago yin sallama na nuna wa mai kwalliyar tamu tauraruwar. Zalika Souley, wadda ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Ta sha zagi a Yamai saboda rawar da take takawa a fim, mutane ba sa raba wasa da gaske, ta rasu a 2021. 'Yan matanmu kaɗan ne suka san fuskarta. Yarinyar ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta wuce ido ta tsaya a gira, ta ce wannan ba ta Indiya ba ce, wani abu ne daban, kuma hoton ya yi dishi-dishi ba ta ganin inda layin ya ƙare. Ta ce tana da amarya bayan Sallah a Malali, iyayenta mutanen Damagaram ne, in zan samo mata hotuna masu kyau kafin nan, na gaba da na gefe. Na ce akwai fim da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta, zan sa a nemo mini a Yamai. Ta rubuta lambarta a bayan katin shago, ta ce in ban samu na gefe ba ko na gaban ya isa ta fara gwaji a fuskar abokiyar aikinta.